Yadda Na Je Kumasi Neman Ƙanena Iliya

Tun da na dawo, matan zumunta ba su bar ni na huta ba. Duk ranar Talata in an tashi daga addu'a sai a kewaye ni a bakin majami'a: "Maman Rahila, yaya Ghana? Me suke ci? Da gaske suna jin Hausa?" Na faɗa har muryata ta fara dashewa, kuma kullum sai na tsallake abin da ya fi muhimmanci, saboda ba maganar tsaye ba ce. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya, wadda ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita.

Sunana Jummai, a Wusasa aka haife ni, a nan na koyar a makarantar firamare har na yi ritaya. Tsofaffin cikinku sun san ina da ƙane, Iliya, mai walda. Sun kuma san 'yata ta fari, Hannatu, ta rasu tana shekara goma. Iliya ne ya ɗauko ta a babur zai kai ta makaranta, wata tifa ta kwashe su a kwana. Shi ya karye a hannu, ita ko asibiti ba ta kai ba. Ranar jana'iza, a gaban mutane, na ce masa kada in sake ganin fuskarsa. Da hannunsa ya warke sai ya bar gari. Shekara goma sha tara ke nan, abin da kawai muka ji shi ne yana Kumasi.

Wata safiya ina shara waya ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Muryar mace ce, da wata irin Hausa da ban saba ji ba.

"Anti, kai ne Jummai? Ni Akos ne, matan Iliya. Ɗan'uwanka ya faɗi. Hannu ba ya aiki, ƙafa ba ya aiki, baki ya karkace. In zaka zo, ka zo."

A wurin wani direban Zariya ta samu lambata. Na tambayi inda suke, ta ce unguwar Zongo, wajen da ake kira Akwatiya Layin. Na ajiye tsintsiya na zauna a kan turmi.

Rahila, 'yata da ta rage mini, ba ta so tafiyar ba. Ta ce, "Mama, ke da hawan jini, ba ki taɓa wuce Abuja ba, ƙasa uku za ki ratsa ke kaɗai?" Na ce mata na binne ɗiya, na binne miji, Ubangiji bai saki hannuna a maƙabarta ba, ba a tashar mota zai sake shi ba. Fasto ya yi mini addu'a. Fasfona da na yi don wani taron mata da bai yiwu ba yana nan da ransa, da katin allurar rigakafi. Na cika jaka da kuka, daddawa, kuɓewa busasshiya da kilishi, na kama hanya.

Daga Zariya zuwa Legas ba ni da labari sai na kumburin ƙafa. Na huta kwana ɗaya a Agege wurin wata tsohuwar ɗalibata, da sassafe mijinta ya sa ni a motar Akara, babban birnin Ghana. A iyakar Seme na fara ganin yadda abin yake: a sauka, a bi layi, a buga hatimi, a koma mota. Muna shiga Kwatano sai harshe ya juye zuwa Faransanci, ga babura kamar fara, kowane ɗan acaɓa da rawayar riga. Man fetur kuwa a kwalabe ake jera shi bakin titi kamar man gyaɗa. A hanyar Lome na fara ganin teku da idona. Na daɗe ina kallonsa ta taga, har matar da ke kusa da ni ta yi dariya ta ce, "'Yar'uwa, ba zai gudu ba."

Ita ce Hajiya Fati, 'yar kasuwa mai sarin atamfa, kakkaura, mai haƙorin Makka. Ta ce kakanta daga Kano ya je Kumasi fataucin goro bai dawo ba, ita kuwa ko sau ɗaya ba ta taka Kano ba. Hausarta garau, sai dai tana jefa kalmomin yaren Asante na mutanen Kumasi a ciki kamar gishiri. A Lome ta ce za ta sauka a iyaka, domin daga nan akwai motar Kumasi kai tsaye.

A iyakar Ghana, wurin da ake kira Aflawo, na yi wautar da ta kusa ɓata mini tafiya. Wayata ta mutu tun Kwatano, na ba direba ya sa mini caji. Katin rigakafin kuwa, bayan na nuna shi a iyakar Togo, da muka tsaya cin abinci sai na cusa shi a aljihun babbar jaka don kada ya ɓata, jakar kuma tana cikin but ɗin mota. A Aflawo fasinja da ƙafa suke tsallakawa, mota ta bi wata ƙofa. Da na isa gaban ma'aikaciyar lafiya ta ce kati. Na ce yana mota. Ta ce to in koma gefe, sai an yi mini sabuwar allura. Ba ta yi mini tsawa ba, aikinta take yi. Layin allurar ya yi tsawo, ga ni ba na gaba. Lokacin da na fito da auduga a dantse, motarmu ta tafi. Yaron mota ya ƙirga kawuna ya ga sun cika, ashe wani sabon fasinja ya ƙirga a madadina.

Na tsaya a bakin titi da 'yar jakar hannu, fasfo, da ɗan abin da na ɗaure a lalita. Babu waya, babu lambar Akos, lambar Rahila ma ban taɓa haddace ta ba. Na samu wani dakali na zauna, na rufe ido na ce, "Ya Uba, kai ka san inda Iliya yake kwance, ni ban sani ba. Ba kai ka kawo ni nan don ka yar da ni ba. Ka nuna mini ƙafar da zan ɗaga." Ban ji wata murya daga sama ba. Zuciyata dai ta kwanta, har na lura ina jin yunwa.

Ina cikin neman mai abinci sai ga Hajiya Fati tana faɗa da masu dako a kan dilolinta. Ta gan ni ta ce, "A'a, ke ba kin tafi ba?" Na kwashe labari na gaya mata. Ta tafa hannu, ta ciro waya, ta yi magana da mutum uku cikin harshe uku. Sannan ta ce, "Jakarki za a riƙe ta a tashar Akara, akwai direban da zai kawo mini. Ke kuma ki bi ni. Akwatiya Layin? Ai bayan gidanmu ne."

Motar Kumasi sai da asuba, don haka muka sauka a wani ɗaki da matan kasuwa ke kama haya: tabarmi shida, fanka ɗaya mai kuka, bokitin wanka a tsakar gida. Da magariba Hajiya ta shimfiɗa ɗankwali ta yi sallarta, ni kuma na durƙusa a kusurwa na yi addu'ata. Da muka gama ta ce, "Kin sa ni a ciki?" Na ce na sa ki. Ta ce, "Ni ma na sa ɗan'uwanki."

Ta sayo mana dokunu, wani tuwon masara da ake naɗewa a ɓawon masara, da soyayyen kifi da baƙin yaji da suke kira shito. Na kai loma ɗaya na ajiye, na raɗa mata cewa an sayar mana da wanda ya kwana, ya yi tsami. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ashe da gangan ake tsimar da shi kwana da kwanaki. A gida in tuwo ya yi haka sai a ɗumame shi ko a ba kaji, a can kuwa shi ne daɗin. Yunwa ta koya mini, na cinye nawa tas.

Da gari ya waye muka kama hanya. Mota ba ta yi nisa ba wani mutum ya miƙe ya yi wa'azi da Turanci da Asante, Musulmi da Kirista kowa ya saurara, da ya gama aka ce amin. Yana zama wani ya tashi da maganin da ke warkar da basur da ciwon baya da mantuwa. Na ce wa Hajiya wannan kam ɗan'uwansa yana tashar Kwangila ta Zariya. Ranar Asabar ce, kusan duk garin da muka ratsa sai mun ga rumfuna, mutane sanye da ja da baƙi, kiɗa na tashi, ana rawa. Na ce biki ake ta yi haka? Ta ce jana'iza ce. Gawa takan yi wata biyu ko uku a asibiti ana shiri, a buga hoton mamaci babba kamar na ɗan takara. Na tuna namu, yadda kafin ka gama jin labari an dawo daga maƙabarta. Sai kuma wani tunani ya soke ni: ko Iliya yana da rai har yanzu? Na ce wa zuciyata ta yi shiru, Allah mai rayawa da kashewa yana gaba da motar nan.

Mun shiga Kumasi da la'asar. Garin tudu da gangare ne, ga ƙananan bas da suke kira torotoro, yaran mota na rataye a ƙofa suna kiran unguwanni, Tafo, Kwadaso. Amma muna shiga Zongo sai na ji kamar an sauke ni a Tudun Wada. Ga mai shayi, ga mai tsire, ga kiran salla, ga Hausa ko'ina. Sai dai Hausar ta kowa ce: Dagomba, Mosi, Zabarmawa, Gurunshi, kowa na jan ta yadda bakinsa ya iya. Mace da namiji duk "kai" ne. Kwana biyu na yi ina waiwayawa in ga da wane namiji ake magana.

Hajiya ta ajiye kayanta, ko ruwa ba ta sha ba, ta ja ni cikin lungunan Akwatiya Layin. Gidaje a cunkushe, kwata a tsakiya, ƙarar guduma daga masu tsohon ƙarfe. Muka yi ta tambayar Iliya mai walda, babu wanda ya san shi. Wata mai koko ta ce ko Iliyasu mai aski? Wani ya kai mu gidan wani Iliya, muka tarar da ɗan garin Bolga mai sayar da akuya. Sai wani tsoho da ke zaune a ƙofar masallaci ya tambaye ni daga ina. Na ce Zariya. Ya ce, "To ku ce Masta Zariya mana. Kirista, dogo, marar magana? Gidan Baba Seidu, mai koren ƙofa."

Gidan irin na haya ne, ɗakuna kewaye da tsakar gida, kowace ƙofa da murhunta. Wata siririyar mace tana wanki ta ɗago ta dube ni, ta saki rigar cikin ruwa. "Anti Jummai," ta ce. "Fuskanku ɗaya." Akos ke nan. Ta rungume ni da kumfa a hannu. Ta ce an sallamo shi daga asibiti kwana uku da suka wuce, yana ciki.

Na bar saurayi mai ƙarfi, na tarar da mutum mai furfura a kan katifa, ɓarin jikinsa na dama a shanye, baki ya ja gefe. Na ce, "Iliya, ni ce." Ya dube ni, ya gane ni sarai. Sai ya tattara ƙarfinsa ya juya fuska bango.

Haka muka yi kwana biyu. In Akos ta ba shi abinci ya ci, in ni na ɗauki cokali ya rufe baki. Raina ya ɓaci. Na ce a zuci, ni da aka yi wa rashi, ni na ratso ƙasa uku, na zo in yafe masa, shi ne zai juya mini ƙeya?

Ranar Lahadi Akos ta tafi da ni majami'arsu, matar Baba Seidu, Musulma, ta zauna da maras lafiya har muka dawo. Ita ce ma ta ara mini zanen da na ɗaura. A can sujada da rawa ake yi, kowa da farin hankici yana kaɗawa, har dattawa. Aka tambayi ranar haihuwata, na ce Juma'a, nan take na koma Afiya. Na ce ai mu ma haka muke yi, shi ya sa nake Jummai. Sun ji daɗin wannan ƙwarai. Na yi waƙa, na yi addu'a, amma na dawo da dutse a ƙirji.

Washegari da hantsi Baba Seidu, mai gidan, ya aiko a kira ni. Dattijo ne mutumin Tamale, tsohon direba. Ya sa aka kawo mini wake da shinkafa da suke dafawa da karan dawa har ya yi ja, suna kiransa wace, ashe "wake" ɗinmu ne bakinsu ya lanƙwasa. Ya bari na ci, sannan ya ce:

"Maman yara, shekara sha bakwai ɗan'uwanka yana gidan nan. Ranar da ya faɗi, ni da limaminmu muka ɗauke shi zuwa asibiti. Ba mu san shi da faɗa ba, ba mu san shi da giya ba. Amma abu biyu na gani. Bai taɓa hawa babur ba, ko ruwa ake yi da ƙafa yake zuwa shago. Kuma kowace shekara akwai rana ɗaya da yake rufe shago, ya rufe ɗaki, ba ci ba sha. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce yayansa ta ce kada ta ƙara ganin fuskarsa, kuma gaskiyarta ne. To kai kana ganin fushi yake yi? Maganarka yake riƙe."

Na ture kwanon gefe. Shekara goma sha tara ina zuwa sujada, ina jagorantar addu'ar mata, ina roƙon a gafarta mini kamar yadda nake gafarta wa wasu, alhali na ɗaure ƙanena da kalma ɗaya na manta ban kwance ba. Na dogara ga Allah a kan hanya, a kan iyaka, a kan jaka. Wurin da ban taɓa dogara gare shi ba shi ne kabarin Hannatu. Can na riƙe shari'ar a hannuna.

Na tashi na shiga ɗakin. Yana kwance fuska a bango. Ban tsaya a bayansa ba, na ja katifar kaɗan, na matsa tsakaninsa da bangon na durƙusa, har gwiwata ta yi ƙara.

"Iliya, dube ni. Maganar da na faɗa ranar jana'iza, na janye ta a gaban Allah. Ba kai ka kashe Hannatu ba. Makaranta za ka kai ta, ni na ce ka kai ta. Ni na yi maka laifi. Ka yafe mini, don Yesu."

Ya rufe ido, hawaye na bin gefen da bakin ya karkace. Ya daɗe yana kokawa da harshensa. Abin da ya fito shi ne, "Ya… Yaya." Ya ɗaga hannun hagu, mai lafiyar, ya kama gefen mayafina ya riƙe. Akos tana bakin ƙofa tana kuka a hankali. Muka yi addu'a mu uku, ni da Hausa, ita da Asante, shi da amin ɗinsa da ba ta fita sosai.

A rana ta biyar jakata ta iso ta hannun direban Hajiya Fati. Waya na nan, kati na nan, kuka da daddawa na nan, kilishi ne kawai bai ga Kumasi ba. Na kira Rahila, ta yi mini faɗa kamar ita ta haife ni, domin kwana biyar ba ta san ko ina raye ba. Ran nan na tuƙa tuwon masara da miyar kuka. A can ma suna da tuwo, tuwon zafi suke ce masa, amma laushi gare shi kamar fate. Nawa kuwa sai da Baba Seidu ya nemi ƙari. Iliya ya ci loma bakwai daga hannuna.

Mako shida na yi. Kullum da safe ni da Akos mu riƙe shi mu zaga tsakar gida, 'yan haya suna ƙirga masa taku. Sau biyu a mako mu kai shi gashin ƙashi. Likita bai ɓoye mana ba: hannun dama da wuya ya koma riƙe ƙarfe, kuma ciwon yakan dawo. Akos tana sayar da soyayyar ayaba a bakin titi, da shi suke ci. Kada wata ta ce Maman Rahila ta je ta dawo komai ya warware. Bai warware ba. Ni dai na ga hannun Ubangiji a inda ban zata ba, a wurin wata Hajiya mai atamfa da wani tsohon direba, kuma ban ga dalilin da zai sa ya gaji yanzu ba.

Ranar da zan taho, Hajiya Fati da Akos suka raka ni tasha, wannan karon waya da kati suna ɗaure a lalita. Iliya bai iya zuwa ba, amma ya tsaya a bakin koriyar ƙofar nan da sanda, shi kaɗai, babu mai riƙe shi.

Yanzu kowace Lahadi bayan sujada yana kira na. Maganar a hankali take fita, nakan jira. Wannan Lahadin ya ce mini ya taka har shago. Ya samu kujera ya zauna, ya duba wata ƙofar ƙarfe da ma'aikatansa suka haɗa, ya sa su kwance ta su sake, wai ta karkace. Akos ta karɓi wayar ta ce, "Anti, ɗan'uwanka ya fara faɗa. Ka gode wa Allah." Na ce mata tun kafin ta faɗa na durƙusa.